Tambaya da Amsa: Koyar da Injiniyoyi Hana Gurɓatar Iska a Ƙasar Hazo

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun haɗu a kan magana guda, wataƙila saboda hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, kuma da wuya ka shiga gidan da babu mai tari. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su, na kuma cire sunayen waɗanda suka aiko su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wani malami a Yamai:

"Assalamu alaikum Malam. Ni sabon malami ne a wata makarantar horar da injiniyoyi, kuma a bana aka damƙa mini darasin hana gurɓatar iska na ɗaliban shekara ta uku. Littafin da na gada a Turai aka rubuta shi, misalansa duka na manyan masana'antun ƙarfe ne waɗanda ɗalibaina ba su taɓa gani ba, kuma ba mu da na'urar auna iska ko ɗaya. Zango ɗaya kacal gare ni. Ta ina zan fara, kuma me zan bari?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi maka jagora a wannan aiki. Kada ka yi saurin ajiye littafin, domin lissafin da ke cikinsa ba shi da ƙasa ko ƙabila: ƙwayar ƙura tana saukowa a Yamai da irin saurin da take saukowa a Faransa, farar wuta kuma idan ta ƙone abu ɗaya take haifarwa a ko'ina. Abin da za ka sauya shi ne ƙofar da za ka shigar da ɗalibai ta cikinta, da misalan da za ka ɗora lissafin a kansu.

Da ni ne, darasin farko ba a aji zan yi shi ba. Zan kai su Gadar Kennedy ko wani tudu da ke gefen kogi gab da magariba a watan Disamba ko Janairu, lokacin da mata suka hura wutar abincin dare, in ce su dubi hayaƙin da ya kwanta a kan unguwanni kamar an shimfiɗa mayafi, sannan in tambaye su dalilin da ya hana shi tashi alhali da azahar yakan yi sama ya watse. Amsar ita ce, idan rana ta faɗi a lokacin da sama ta bushe babu gajimare, ƙasa tana saurin yin sanyi, sai iskar da ke dab da ita ta fi ta samanta sanyi da nauyi, iska mai ɗumi ta zauna a kai kamar faifai a bakin ƙwarya, duk abin da aka ƙona a ƙasa ya rasa hanyar fita. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ba zai sha wuyar fahimtar abin da ya auku a Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 ba, lokacin da irin wannan murfi ya tsare hayaƙin kwal a kan birnin, ƙidayar farko ta ce mutum 4,000 ne suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Wannan bala'i ne ya jawo dokar tsabtace iska ta Ingila a 1956. Tarihi ya isa haka, kada ya ci maka fiye da awa ɗaya.

Daga nan sai ƙidayar inda hayaƙin yake fitowa. Ka raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ka ba ta unguwa ɗaya, su ƙirga murhun itace, da kabu-kabu da tsofaffin motocin da ke wucewa cikin awa guda, da injin janareto da muke kira gurup, da bolar da ake cinna wa wuta da leda a ciki, da wuraren da ake babbaka da tsohuwar taya. Su roƙi mai ƙosai ta bar su su auna itacen da take ƙonawa a safiya ɗaya. Manufar wannan yawo ita ce su koyi ginshiƙin darasin gaba ɗaya, wato abin da ya shiga wuta ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa, saboda haka wanda ya san nauyin abin da aka ƙona zai iya lissafa nauyin abin da ya fita. Misali mafi sauƙi shi ne na farar wuta: kilo ɗaya nata yana haɗuwa da kilo ɗaya na iskar oksijin ya ba da kilo biyu na iska mai shaƙe maƙogwaro da ake rubutawa SO2. Ke nan man da ke da kashi 2 cikin ɗari na farar wuta, kowane tan ɗaya nasa yana ɗauke da kilo 20, kuma zai fitar da kilo 40 na wannan iska. Ɗalibi zai iya yin wannan a bayan takardar siyayya, amma na sha ganin waɗanda suka haddace sunayen na'urori goma sun kasa yin sa.

Wurin da nake so ka daɗe shi ne girman ƙwayoyin ƙura, domin duk zaɓin na'ura a kansa ya dogara. Ana auna su da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum yakan kai mikiron 50 zuwa 70. Abin da ake kira PM10 ƙwayoyi ne da ba su wuce mikiron 10 ba, PM2.5 kuma waɗanda ba su wuce 2.5 ba, su ne ke wuce hanci da maƙogwaro su isa can cikin huhu. Ka sa ɗalibai su yi amfani da ƙa'idar Stokes, wato lissafin saurin saukowar ƙwaya a cikin iska, su lissafa da hannunsu: ƙwayar ƙasa mai mikiron 10 tana saukowa da saurin kusan milimita 8 a daƙiƙa, wato tana sauka mita ɗaya cikin minti biyu, mai mikiron ɗaya kuma sai ta yi kusan awa uku kafin ta sauka wannan mita ɗin, idan ma iska ta tsaya cik. Da zarar sun ga waɗannan lambobi biyu a gefen juna, su da kansu za su gane dalilin da ya sa babban ɗakin da ake rage wa iska gudu a cikinsa yake kama tsakuwa da rairayi kaɗai, da dalilin da ya sa ake buƙatar wani ƙarfi da ya fi nauyin ƙwayar kanta.

Wannan ƙarfi shi ne jigon kowace na'ura. Mazurarin guguwa yana juya iska da sauri har ƙurar ta bugi bango ta zube ƙasa, ba shi da wani sashe mai motsi, yana da arha, amma ƙwayoyin da ba su kai mikiron 5 ba yawanci suna kuɓuce masa. Wannan kam kada ka tsaya ga zane a allo. Ka ba ɗalibai ma'aunai su kai wa maƙeran kwano na kasuwar Katako su ƙera musu ƙarami, su haɗa shi da injin hura iska, su zuba masa rairayi da toka da garin siminti ɗaya bayan ɗaya, su auna nauyin abin da suka zuba da na abin da ya kama. Kuɗin wannan gwaji bai kai na littafi ɗaya da ake odarsa daga waje ba. Matacin buhu kuwa yana tace iska ta cikin dogayen jakunkuna na yadi, kuma ƙurar da ta taru a jikin yadin ita kanta tana ƙara masa iya tacewa, har ya kama fiye da kashi 99 cikin ɗari. Tarkon lantarki, wanda Ba'amurke Frederick Cottrell ya ƙirƙiro a 1907, yana ɗora wa ƙwayoyin caji sai faranti na ƙarfe su janyo su. A nan akwai lissafin Deutsch na 1922 da nake jin daɗin koyarwa: idan faɗin faranti kaza ya kama kashi 90, to kafin a kai kashi 99 sai an ninka faɗin sau biyu, kafin a kai 99.9 sai an ninka shi sau uku. Ɗalibi yakan yi shiru idan ya gane cewa kashi 9 na biyu yana cin ƙarfe daidai da kashi 90 na farko, kuma daga ranar yake fara tunani irin na mai biyan kuɗin aiki.

Abin da littafinka ba zai faɗa maka ba shi ne yadda ƙasarmu take sauya wannan zaɓi. Tarkon lantarki yana son wutar da ba ta yankewa, kuma ƙura busasshiya ƙwarai ba ta saurin sakin cajinta a jikin faranti, shi ya sa a masana'antun siminti ake fesa wa hayaƙin ruwa kafin ya shiga. Matacin buhu yana son matsattsiyar iska da za ta riƙa kaɗe shi, da sababbin jakunkuna idan na ciki sun yage, kuma daga waje ake kawo su. Mawankin hayaƙi, wanda ke wanke SO2 da ruwan farar ƙasa har a sami jibsin da ake haɗawa cikin siminti, ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, kuma kowa ya san darajar ruwa a Ader, yankin Tawa. Saboda haka tambayar jarrabawa da ta fi amfani ita ce ka ba ɗalibi masana'anta da yawan hayaƙinta da girman ƙurarta da halin wuta da ruwa na garin, ka ce ya zaɓi na'ura ya kare zaɓinsa, ya kuma faɗi wanda zai gyara ta idan ta lalace bayan shekara biyu.

Ka ware mako biyu ga yadda hayaƙi ke bazuwa bayan ya fita daga bututu, da rukunan yanayin iska shida, daga A zuwa F, da Frank Pasquill ya tsara a 1961. Za su ga cewa ninka tsawon bututu sau biyu yana rage mafi yawan abin da ke sauka a ƙasa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ka tuna musu cewa ko giram ɗaya bai ragu daga abin da aka fitar ba, an dai kai wa na nesa ne. Dogayen bututun Ingila da Jamus sun taimaka wajen zubar da ruwan sama mai tsami a tafkunan Suwidin da Norwe, har aka ƙulla yarjejeniyar Janiba ta 1979 a kan gurɓatar iskar da ke ƙetare iyaka. Sai awa biyu ko uku a kan doka: ta 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 wadda ita ce uwar dokokin muhalli a Nijar, da ta 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 a kan binciken tasirin ayyuka ga muhalli. Abin da za ka taƙaita shi ne zanen manyan na'urorin cire iska mai guba ta haɗin naitirojin da oksijin, irin su NO2, daga hayaƙin tashoshin lantarkin da suka fi dukan wutar da ƙasarmu ke amfani da ita. Lacca ɗaya ta ishe su su san akwai su. Idan kuma za ka iya, ka rubuta takardar neman izinin ziyara tun makon farko, ko zuwa tashar lantarki ta Goru Banda da aka buɗe a 2017, ko masana'antar siminti ta Malbaza, domin irin wannan izini ba ya fitowa da wuri.

Tambaya ta biyu, daga wata ɗaliba a Tawa:

"Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce kuma ana koya mana wannan darasi, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Abin da ke damunmu a nan ƙurar hunturu ce da ke tasowa daga hamada, kuma babu injiniyan da zai sa wa Sahara mataci. To mene ne amfaninsa a gare mu?"

'Yata, tambayarki ta fi ta wasu malamai nauyi, kuma rabinta gaskiya ce. Yawancin hazon da ke rufe mana rana yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta ɗebi farar ƙura mai laushi, wani sashenta ma har ya ƙetare tekun Atlantika zuwa Kudancin Amurka. A Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da Yamai, akwai tashar bincike da ke auna PM10 tun 2006, kuma a ranakun hazo mai ƙarfi awon yakan kai ɗaruruwan mikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane mita kubik na iska, wani lokaci ya haura dubu. Ki kwatanta da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, wanda ya sa iyakar PM10 ta yini ɗaya a 45, ta PM2.5 a 15, matsakaicin PM2.5 na shekara kuma a 5. Ko da an kashe kowane inji da kowane murhu a Tawa, hunturu kaɗai zai tsallake wannan iyaka.

Sauran rabin kuwa shi ne, huhun mutum ba matsakaicin iskar gari yake shaƙa ba, iskar da ke gaban hancinsa yake shaƙa. Mahaifiyarki ko yayarki da ke tsugune a gaban murhun duwatsu uku a cikin madafa marar taga, da goyo a bayanta, tana shaƙar hayaƙin da ƙwayoyinsa suka fi na ƙurar hamada ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna ɗauke da baƙin kunkunniya da guba iri-iri, kuma kullum ne, rani da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a 2020. Ga kuma iskar CO da ba ta da wari ko launi, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, ita ce ke kashe mutanen da suka rufe ɗaki da garwashi a daren sanyi ko suka kwana da gurup a cikin zaure. Duk wannan aikin injiniya ne, kuma da ilmin da kike koyo ake yin sa: yawan iskar da wuta ke buƙata, zafin ɗakin ƙonewa, tsawon bututun da zai ja hayaƙi waje, girman tagar da za ta sauya iskar ɗaki. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fiziya ne da ya yi shekaru yana aiki a kan yadda za a dafa abinci da ɗumama ruwa da hasken rana, kuma bai ga cewa murhu ya yi wa ilminsa ƙanƙanta ba.

Ita ma ƙurar ba dukanta ce daga Cadi take ba. Wani kaso nata daga ƙarƙashin tayar mota yake tashi a titunan da ba su da kwalta, wani kuma daga filayen da aka sare itatuwansu. A jiharku aka nuna wa duniya cewa ana iya rage wannan: layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don karya iska, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da ya soma a 1984. Layin itatuwa yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya kai tsawonsa kusan sau goma, kuma tazarar da za a bari tsakanin layi da layi lissafin gudun iska ne irin wanda kike yi a aji. Wadda kuma ba za a iya hana ta zuwa ba, ana iya hana ta shiga inda za ta yi ɓarna. Ɗakin tiyata yana buƙatar mataci, injin lantarki yana buƙatar mataci a bakin da yake shaƙar iska, farantan hasken rana irin na tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 suna rage ba da wuta idan ƙura ta lulluɓe su, kuma sai an lissafa kwana nawa za a yi kafin a wanke su da ruwa nawa. Idan kina son hujjar cewa irin wannan aiki yana cin nasara, ki tuna da dalmar da ake zubawa a man fetur, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina amfani da ita a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Tambaya ta uku, daga wani mai kula da ɗakin gwaji a Yamai:

"Ranka ya daɗe, muna ganin ƙananan na'urorin auna PM2.5 masu arha a intanet. Shin za a iya dogara da su wajen koyarwa, ko ɓarnar kuɗi ce?"

Malam, ku saye su, amma ku san abin da kuka saya. Irin waɗannan na'urori ba nauyin ƙura suke aunawa ba. Wani ɗan haske ne a ciki yake haskaka iskar da ƙaramar fanka ta jawo, sai a auna yadda ƙwayoyin suka warwatsa hasken, daga nan kwamfutar cikinta ta yi hasashen nauyi bisa irin ƙurar da aka gwada ta da ita a masana'anta, wadda galibi hayaƙi ne. Shi ya sa suke yin ƙoƙari a kan hayaƙin itace da na mota, amma manyan ƙwayoyin ƙurar hamada yawanci suna wuce su ba su ƙirga ba, har ka ga hazo ya ɓoye hasumiyar masallaci na'urar tana nuna lamba mai sauƙi. Da damina kuma laima tana kumbura ƙwayoyin, sai lambar ta haura gaskiya. Wannan rauni nasu shi kansa darasi ne: ku ajiye guda uku a wuri ɗaya na mako biyu, ɗalibai su ga yadda suke saɓa wa juna, kafin a raba su zuwa madafa da bakin titi da rufin aji.

Abin da ake gwada kowace na'ura da shi shi ne awon nauyi. Ana auna busasshiyar takardar tacewa, a ja iska ta cikinta da famfo na awa 24, a sake auna ta. Famfon da ke jan lita 16.7 a minti yana jan mita kubik ɗaya a awa, wato 24 a yini, ke nan idan iskar tana ɗauke da mikirogiram 100 a kowane mita kubik, takardar za ta ƙara nauyin miligiram 2.4 kacal. Kun ga ke nan inda kuɗin ya kamata ya tafi: sikeli mai iya ganin kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Sau da yawa irin wannan sikeli yana nan a sashen kimiyyar haɗa sinadarai, sai dai a nemi aro.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko dala. Jadawalin Ringelmann, wanda wani malamin Faransa ya tsara a ƙarshen ƙarni na 19, takarda ce mai matakan duhu daga 0 zuwa 5 da ake kwatanta baƙin hayaƙin bututu da ita daga nesa, kuma ana iya buga ta a kowace na'urar buga takardu. Rahoton nisan gani da filin jirgin sama na Diori Hamani ke fitarwa a kai a kai yana nuna ranakun hazo. Tauraron ɗan'adam Sentinel-5P da Turai ta harba a 2017 yana ba da bayanan NO2 da SO2 kyauta, manhajar HYSPLIT ta hukumar yanayi ta Amurka kuma tana bin sawun iska a baya ta nuna inda ta fito kwana uku da suka wuce, ɗalibi ya ga layin ya miƙe har Bodele. Cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duka a Yamai suke, kuma ma'aikatansu da yanayin iska suke kwana suke tashi, saboda haka gayyatar ɗayansu ya yi wa ɗalibai magana ba ta wuce kuɗin man babur ba.

Tambaya ta huɗu, daga wani mahaifi a Tawa:

"Malam, ɗana ya gama digirin farko a injiniyan injuna, yanzu ya ce zai ƙware a kan gurɓatar iska. Ni ban taɓa jin an ce ana neman mai wannan sana'a ba. Zai sami abin da zai ci?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba zan ɓoye maka ba, guraben da aka rubuta musu wannan suna kai tsaye kaɗan ne a ƙasarmu, kuma wanda ya zauna jiran su zai daɗe. Amma tun da yaron yana da tushen injiniyan injuna, wannan ƙwarewa ƙari ce a kan sana'ar da yake da ita. Doka ta wajabta binciken tasiri ga muhalli kafin a fara babban aiki, kuma sashen iska na wannan bincike sai wanda ya iya lissafin hayaƙi da bazuwarsa yake rubuta shi. Matatar mai ta Damagaram da ta fara aiki a 2011, da tashar kwal ta Anu Araren da ke kusa da Agadas, da ma'adinan Arlit, da masana'antun siminti, duka wurare ne da ke da ƙura ko hayaƙi da na'urorin kama su, kuma na'ura tana son mai kula da ita. Asibitoci ma suna da tandun ƙona sharar magani, wanda ƙa'idar da Turai ke bi ta ce hayaƙinsa ya kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu kafin ya fita, kuma masu iya ginawa da saita irin wannan tandu ba su da yawa a wajenmu. Shawarata ita ce, ka ce masa ya zaɓi aikin bincikensa na ƙarshe a cikin wata masana'anta ko asibiti, a kan na'urar da ke aiki ko wadda ta tsaya, ya yi wata shida yana buɗe ta yana auna ta, ya kuma haɗa da koyon gyaran fanka da famfo da injin matsa iska, domin su ne sassan da suka fi saurin lalacewa.